RA'AYINMU: A Bar Wani Abu a Turke

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kara ta bakin gadar Berger, ko mayankar Oko-Oba da ke Agege, ya ga manyan motoci suna sauke shanu, in ya tambayi direbobin daga ina, da yawansu za su ce masa daga Potiskum. Kasuwar shanun wannan gari na Jihar Yobe tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma fatake daga nan Kurmi ba sa rabo da ita.

Abin da 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun ba su cika lura da shi ba shi ne, ba dukan dabbobin nan ne suka fito daga ruga ba. Waɗansu a bayan ɗaki aka turke su. Magidanci ya sayi ramammen sa, ko uwargida ta sayi ɗan rago, a yi ta ba shi dusa da harawa da kowa da ɗan kanwa har wata uku ko huɗu, sa'an nan a kai shi kasuwa ya yi kuɗi. Watau sana'a ce wadda mace a cikin kulle, da tsoho, da yaro bayan ya taso daga makaranta, duk za su iya riƙewa ba tare da sun bar gida ba.

Dalilin da ya sa muka ta da wannan magana a fili yake. A watan Fabrairu na 2021 an ƙone rumfuna da gidaje a kasuwar Shasha ta Badun. A watan Yuni na 2022 kuma Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, aka murƙushe babura masu yawa. Mutum nawa ne suka koma gida hannu rabbana, alhali sun shekara goma suna aika kuɗi? Kuɗin sun tafi a biki da ankon biki.

Amma fa kada wani ya ɗauka turka wasa ce. Abinci shi ke cinye riba, saboda haka mai hankali yakan tara harawa tun da kaka, lokacin da take da araha, ba sai bazara ta yi ba. Sai a nemi malamin dabbobi ya duba sa tun ranar da aka saye shi, don ciwon huhu ba ya sallama. Mai rago kuwa ya lissafa watanninsa su faɗa daidai Babbar Salla. Uwa uba, amana. Mun sha jin ƙarar wanda ya aika wa ƙaninsa kuɗin sa, ya zo ya tarar da igiya kaɗai. Laifin na kowa ne, domin ba a yanka wa mai wahala rabonsa tun farko ba. Matar da ta kwana tana jiƙa dusa, lalle a faɗa mata nata kason a gaban shaidu kafin a ɗaure dabbar.

Gwamnatin Jihar Yobe ma muna roƙonta abu biyu. Ta sauƙaƙa wa matan aure samun rancen turka, ta kuma tsare kasuwar, don ba mu manta da harin watan Mayu na 2012 ba, wanda ya ci rayukan mutane da dabbobi masu yawa. Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege kuwa, muna so su kawo maganar nan a zamansu na gaba, tun kaka ba ta wuce ba.