Wayar da ke Leƙe a Gaban Mota 'Yar Kwatano

Wasu motocin da ake shigo da su ta Kwatano sukan iso Birnin Kebbi da wata gajeriyar waya mai filogi, a naɗe bayan bamba ko tana leƙe ta ragar gaba. Mai mota ya rasa ta mece ce, bakanike ya sa fulaya ya datse ta. Wayar nan shaida ce cewa motar ta yi zaman ƙasar sanyi, Kanada ko arewacin Amurka.

A garin Winnipeg, daren Janairu yakan sauka ƙasa da sifili da maki 20 ko fiye. Baƙin mai ya daskare kamar man shanu, batir ya yi sanyi, a murɗa makulli inji ya ƙi juyawa. Wani injiniyan lantarki a jihar Dakota ta Arewa, Andrew Freeman, ya ƙirƙiro magani, aka yi masa rajista a 1949: ɗan ƙarfe mai zafi da ake cusawa a jikin inji, a jona shi da wutar gida. Na yanzu yawanci ruwan inji yake ɗumamawa, awa biyu zuwa huɗu sun isa. Shi ya sa a wuraren ajiye motoci a can za ka ga an jera sandunan soket.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne lokacin da mutanen can suke duba ƙarfen. Tun kaka, kafin ƙanƙara ta sauka, mutum zai buɗe bonet, ya bi wayar da hannu har inda ta shiga jikin inji, ya ga ko ta tsage ko ɓera ya ci ta, domin tsagaggiyar waya ta sha tada gobara. Sai ya sa mita a bakin filogin. In allura ba ta motsa ba, ƙarfen ya mutu, a canza shi tun da sauran rana.

Mu nan ba mu da buƙatarsa. Sanyin hunturun Argungu yana sa a hura wuta da asuba, amma bai kai ya daskarar da mai ba. Kada ma wani ya gwada jona shi: an yi shi ne don wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce, zai ƙone. A bar shi a inda yake, a riƙa duba gindinsa, domin sau da yawa shi ne ya toshe wani rami a jikin inji, in robarsa ta tsufa ruwa kan tsiyaya ta nan.

Namu lokacin wahalar shi ne Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke haura maki 40. Kuma yana zuwa ne bayan hazo ya yi wata uku yana cika lagireto da matatar iska da ƙura. Duk mai bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a bazara ya san hoton: mota a gefen titi, bonet a ɗage, direba na neman jarka. Abin takaici, maganin da aka saba yi shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a ɗura ruwan rijiya. Tamostat an sa shi ne don inji ya tsaya a zafin da aka tsara masa, wajen maki 90. In aka cire shi, da safe inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha fetur, ya riƙa cin kansa, wato ainihin ɓarnar da mutanen Kanada ke biyan kuɗin wuta don kauce mata. Ruwan rijiya kuma yana barin gishiri da tsatsa a hanyoyin ruwa har su toshe. Direba na ganin ya yi tsimin kuɗin jarka ɗaya ta ruwan lagireto, ƙarshenta ya biya kuɗin gasket da wankin inji.

Watan Fabrairu ya kamata ya zama namu lokacin dubawa, musamman ga direbobin haya da masu manyan motocin da ke kwasar shinkafa daga fadamar Rima. A wanke lagireto ciki da waje, a matsa tiyo a ji ko ya bushe, a canza murfin da robarsa ta saki, a sa sabuwar matatar iska. In bakanike ya ce tamostat ya lalace, a sayi wani a mayar.