Wa Ke Tantance Masu Koyar Da Malamai?

Tun daga 2013, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin yake a ƙasar Kalgo, iyayen yara a Gwandu da kewaye suka sami sauƙin kai 'ya'yansu jami'a ba sai sun dangana da Sakkwato ko Zariya ba. To, amma akwai tambayar da ba kowane uba ne yake yi ba, watau ko kwas ɗin da ɗansa zai karanta ya sami amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa.

Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ita ce ta ba wannan hukuma ikon tsayar da mafi ƙarancin ma'auni, aka kuwa fara zagayen tantancewa a 1990. Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta. Kwas ɗin da ya ci kashi 70 cikin ɗari, a jimla da kuma a manyan sassa irin su malamai da gine-gine da ɗakin karatu, yakan sami cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya gaza kaɗan a ba shi ta wucin gadi, shekara biyu. Wanda ya faɗi a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai.

A kwasa-kwasan horar da malamai ne abin ya fi nauyi, domin malami guda maras horo zai iya gurgunta aji bayan aji har ya yi ritaya. A nan kuwa muke ganin raunin tsarin. Masu tantancewa sukan zo na 'yan kwanaki, su ƙidaya littattafai da kujeru, su duba takardun malamai, su tafi. An daɗe ana kuka a ƙasar nan cewa wasu jami'o'i kan aro malamai da kayan aiki domin ranar, baƙi na juya baya a mayar wa masu su. Alhali kuwa ainihin aikin yana can a gwajin koyarwa, inda ɗalibi zai tsaya gaban yara da alli a hannu a wata makarantar ƙauye. Sau nawa malaminsa ya je ya duba shi? Takarda kaɗai ba ta amsa wannan.

Gwandu ba baƙuwa ba ce ga wannan magana. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusukh, ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu, domin a wancan zamani ana auna mai ilmi ne da waɗanda suka koyar da shi.

Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, wanda aka zaɓa a 2023, ya taɓa shugabantar Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya. Tantancewa aikin Abuja ne, gaskiya ne, amma makarantun da ake gwajin koyarwa a cikinsu na jiha ne da ƙananan hukumomi. Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta riƙa karɓar rahoto daga shugabannin makarantun Gwandu da Kalgo a kan kowane ɗalibi da aka turo musu, ta ajiye shi har ranar da masu tantancewa za su zo.