Makarantar da Ba Ta da Ƙararrawa

Sanin kowa ne cewa ba darasi kaɗai makaranta ke bai wa ɗalibi ba. Tana ba shi ƙararrawa mai kiransa, da malami mai lura da kujerar da ba kowa a kanta, da abokai waɗanda zai ji kunyar su wuce shi. Ba a rubuta waɗannan cikin manhaja, amma su ke riƙe da ɗalibi har ya kai gaci. Karatu ta intanet kuwa darasin kaɗai yake kawowa, sauran ya bar wa ɗalibi ya nema wa kansa. A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, ba don ƙarancin basira ba.

A ɗauki misalin Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita a 2002. Cikin ɗalibanta akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure, waɗanda kowannensu ya riga ya sayar da yininsa ga wata hidima. Ayyukan gwaji na cikin zango suna ɗauke da kashi 30 cikin 100 na maki, jarrabawa kuma 70. Wanda ya bari ayyukan nan suka taru masa har ƙarshen zango, to, ya shiga ɗakin jarrabawa da bashi a wuyansa.

Maganar da ta fi cutar irin wannan ɗalibi ita ce "sai na sami sarari". Sarari ba ya zuwa da ƙafarsa, yankarsa ake yi daga cikin yini. Sa'a guda bayan sallar asuba kullum, a wuri guda, ta fi yini sukutum na ranar Lahadi albarka, domin abin da aka yanka wa lokaci ba ya bukatar a sake shawara a kansa kowace safiya. Batun wutar lantarki da tsadar data gaskiya ne, amma sananniyar matsala ce, kuma mai hankali yakan sauke darussansa a waya lokacin da layi ke da kyau.

Sai dai babban kuskure ya fi wannan ɓoyuwa, wato ɗaukar kallo a matsayin karatu. Ɗalibi yakan kalli lacca ta bidiyo daga farko har ƙarshe, ya ji komai ya shiga, alhali in aka ce ya maimaita washegari sai ya yi ta kame-kame. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bita a kai a kai ita ke rage mata gudu. Makarantar allo ta daɗe da sanin haka a aikace, domin kuwa almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam abin da ke kai. Ɗalibin intanet shi ne almajiri, shi ne kuma malamin da zai saurari biyawar. Ya kamata bayan kowane darasi ya kife waya, ya ɗauki alƙalami da takarda, ya rubuta abin da ya riƙe da ka, sa'an nan ya koma ya duba inda ya yi giɓi. Kife wayar ma wata riba ce, tun da yake ajin nasa da dandalin hirar WhatsApp ƙofarsu ɗaya.

Malamai su ma suna da nasu kason. Malamin da ya zuba littafin kwas gaba ɗaya a intanet ya ɓace sai ranar jarrabawa, bai koyar ba, ajiya ya yi. Da zai rarraba aikin mako-mako, kowane da ranar karɓarsa, ya kuma haɗa ɗalibai bibbiyu ko uku-uku su riƙa biya wa juna, da ya mayar musu da rabin ƙararrawar da suka rasa.