SHARHI: Wat Dubu Biyar a Kan Kwali, Wat Sittin a Bayan Akwati

Duk wanda ya ratsa layin masu sayar da kayan lantarki a babbar kasuwar Mubi zai ga kwalayen na'urorin sauti da ake kira hom-tiyata a jibge, kowanne ɗauke da ƙatuwar lamba a gabansa. Wannan ya ce wat 3,000, wancan ya ce 5,000, wani ma har 10,000. Mai saye, ko uba ne da ke haɗa kayan ɗakin 'yarsa, ko falke ne da ya ƙetaro daga Garwa ko Marwa ta ƙasar Kamaru, yakan miƙa hannu ga mai lamba mafi girma, bisa zaton shi ya fi ƙarfi. Ra'ayinmu shi ne, wannan lamba ba awo ba ce, ado ce kawai, kuma lokaci ya yi da 'yan kasuwarmu za su daina ƙulla ciniki a kanta.

Idan aka duba da kyau, za a ga haruffa huɗu kusa da lambar, wato PMPO. Abin da suke nufi shi ne ƙololuwar ƙarfin da ake cewa na'urar za ta iya kaiwa cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Babu wata ƙa'ida da masana'antu suka amince da ita ta auna wannan, saboda haka kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Awon da masana ke aiki da shi shi ne wanda ake rubutawa RMS, wato ƙarfin da na'ura za ta iya ci gaba da fitarwa na tsawon lokaci ba tare da muryar ta gurɓace ba. Bambancin biyun tamkar na mutumin da ya cicciɓi buhun masara ya dire nan take ne, da wanda ya ɗauke shi ya kai har tasha.

Ba sai mutum ya yi karatun injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi ba kafin ya gane inda gizo ke saƙa. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma filogi mai ƙafa uku ba ya ɗaukar fiye da amfiya 13. In an ninka biyun, abin da soket ɗaya zai iya bayarwa bai wuce kimanin wat 3,000 ba. To, ta yaya akwatin da ke shan wuta daga wannan soket zai fitar da wat 5,000? Babu na'urar da ke ba da fiye da abin da ta sha. Hasali ma wani kaso na wutar zafi yake zama. A juya bayan akwatin, kusa da inda waya ta shiga, akwai 'yar takarda mai nuna wutar da yake ci. Idan, misali, ta nuna wat 60, to sautin da zai dore a kansa ƙasa da 60 ne, komai girman lambar da ke kan kwali.

Ga kuma hujjar da kowa ke gani a gidansa. Ƙaramin janaretan nan da ya cika unguwanni, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, amma yana ɗaukar hom-tiyata da talabijin da fanka da ƙwan fitila a lokaci guda. Da zarar an jona masa dutsen guga mai wat 1,000 na gaskiya, sai ya durƙusa.

Ko inda aka rubuta RMS ɗin ma, sai an yi hattara. Wasu masu ƙera na'urori sukan auna lasifika ɗaya ita kaɗai, sannan su ninka sau shida, alhali taransifomar da ke ciki ba za ta iya ciyar da duka shidan haka a lokaci ɗaya ba. Wasu kuma sukan yi awon ne a lokacin da muryar ta riga ta gurɓace da kashi 10 cikin 100, matakin da kunne ba ya jin daɗinsa. Bugu da ƙari, yawan wat ba shi ne yawan ƙara ba. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake kawowa. Sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka biyu. Lasifika mai inganci a kan wat 20 tana iya cika falo fiye da marar kyau a kan wat 50.

Wani zai ce ai wannan kirarin talla ne, kowa ya san ba a ɗaukarsa da gaske. Da haka ne, da kamfanoni ba su ɓata tawada ba. Asarar a fili take. Wanda aka gaya wa ya sayi wat dubbai zai murɗa na'urar har ƙarshe ranar suna ko biki, amfilifaya ta wuce iyakarta, ta tura gurɓataccen sauti mai ƙona ƙananan lasifikoki. Gobe ya dawo shago da fushi, kuma ba masana'antar da ke ƙetare zai kama ba, mai shago zai kama. Haka nan, ɗan kasuwar da ya kawo kaya mai kyau, wanda aka rubuta wa wat 80 na gaskiya, sai ya ga kayansa na shan ƙura a kan kanta, domin maƙwabcinsa na tallar dubu biyar a rabin farashi. Ta haka ƙarya ke korar gaskiya daga kasuwa. Masu haɗa wutar sola ma abin na shafarsu, domin mai gida kan tsorata da lambar kwali, ya sayi inbata da baturan da suka wuce buƙatarsa.

Wannan cuta ba a kanmu aka fara ba. Amurka ta yi fama da ita, har hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta kafa doka a 1974 da ta tilasta wa masu tallar amfilifaya su bayyana ƙarfi mai ɗorewa, tare da matakin gurɓatar sautin da aka yi awon a kansa. Ta kuma sabunta dokar a 2024, inda ta tsayar da sharuɗɗan awo iri ɗaya ga kowa. A nan gida ba mu rasa hukumomi ba. Akwai Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, wadda aka kafa a 1971, kuma tun 2005 take gudanar da shirin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su. Akwai kuma hukumar FCCPC, wadda dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta ɗora wa alhakin kare masu saye daga bayanin ƙarya ko mai yaudara. Abin da muke roƙonsu bai da yawa: a wajabta rubuta ƙarfin RMS na kowace lasifika a gaban kwali, da haruffan da girmansu bai gaza na kowace lamba ba.

Amma kafin gwamnati ta motsa, gyara na hannun 'yan kasuwa. Dilan da ke saro kaya daga kasuwar Alaba ta Legas, ko Anacha, ko Sabon Garin Kano, ya riƙa neman a nuna masa awon RMS a rubuce kafin ya biya. Mai shago ya juya wa mai saye bayan akwati, ya nuna masa wutar da yake ci, ya kunna masa na'urar ya ji da kunnensa, ya kuma gaya masa girman ɗakin da za ta iya cikawa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa wannan cikin ƙa'idojinsu.

Mubi ta farfaɗo daga bala'in 2014 ne saboda abokan cinikinta na Kamaru da Chadi sun dawo, kuma amana ce ta dawo da su. Addini da al'ada duk sun yi tir da mai tauye mudu a kasuwar hatsi. Wat ma mudu ne, ko da ido ba ya ganinsa. Wanda ya cika shi yau, shi ne za a nema da sunansa baɗi. Allah Ya sa mu dace.