IGIYAR ƘASA A BAYAN KATANGAR KAMFANI

Na san da yawanku kun zaci yau ma hirar soyayya za mu ɗora, to ku yi min afuwa, wannan karon maganar rai ce, sai da rai ake zancen masoyi. Jan hankalina ya fi karkata ga 'yan uwa mazauna Sharaɗa da Ja'en, da na wajen Chalawa da Panshekara, da kuma na Dakata da Kawaji da ke maƙwabtaka da Bompai.

Duk wadda ta san unguwannin nan ta san yadda suke. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 masaƙu da masana'antu da dama suka fara durƙushewa, rashin wuta da kayan waje suka ƙarasa wasu. Sai a bar kango ciyawa ta cinye shi, ga tarin ƙarafa, ga kwatami, ga rumbunan ajiyar hatsi a gefe. Inda hatsi yake ɓera na nan, inda ɓera da kwaɗo suke kuwa maciji ba ya nisa. Da damina ta sauka ruwa ya cika ramuka, sai ya fito neman busasshen wuri. Mu kuma ta nan muke yanke in mun makara makaranta, ta nan ake aiken ƙannenmu da magariba da silifa, kuma a jikin irin katangun nan wasunmu ke tsayawa zance saboda ba idon mutane. 'Yar uwa, duhun da ya ɓoye ki, ya ɓoye wani abin ma.

Uku ne ya kamata kowacce ta sani. Akwai kububuwa, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa. Ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a ƙasar nan, dafinta hana jini daskarewa yake yi, sai ki ga dasashi na zubar da jini, tsohon ciwo ya ɓalle. Akwai kasa, mai kauri da son barci, ba ta gudu in ta ji tafiya, sai an taka ta. Sai kumurci mai fasa kai, wanda ke feso dafi a ido, yana kuma shiga gida da dare har ya sari wanda ke kwance a ƙasa. A shekarar 2021 a Abuja wata sojar sama ta rasu bayan maciji ya sare ta a banɗakin gidanta, don haka ko a gida kada a shiga bayi babu fitila.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Mun sha gani a fim ɗin Indiya, maciji ya sari budurwa, saurayi ya yage rigarsa ya ɗaure ƙafar tam, ya tsaga wurin ya tsotse dafin, ta buɗe ido a hau waƙa. Wallahi wannan a fim kawai yake aiki. Ɗauri mai tsanani na hana jini gudu har ƙafa ta ruɓe a yanke ta. Tsagawa kuwa, in kububuwa ce, ƙofa kika buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba. Tsotsa da baƙin dutse da shafe-shafe ba sa fitar da dafin da ya riga ya shiga jiki, lokaci kawai suke ci.

Abin yi shi ne a janye ta daga wurin, a kwantar mata da hankali. A cire zobe da awarwaro da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A sa ƙafar ko hannun ya zauna shiru, kada ta yi tafiya, a ɗauke ta a sa a mota ko adaidaita sahu sai babban asibiti, irin na Malam Aminu Kano ko na Murtala. Kada a tsaya farautar macijin, kada a ba ta asfirin don yana ƙara zubar jini. In dafi aka fesa mata a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take sannan a tafi. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanya. Kada kuma a ce ai ta ji sauƙi a bari sai da safe, sarar kububuwa takan yi lamo kafin ta nuna kanta.

Maganin gaskiya allurar kashe dafi ce, kuma ba tatsuniya ba ne. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti sukutum na masu saran maciji. Nan Kano muna da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da ya shafe shekaru yana bincike a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya, shi ya sa a 2017 ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta ɗaura aniyar rage mace-macen da rabi kafin 2030.

Kunama fa? Babba yakan sha raɗaɗi ya warke, amma ƙaramin yaro in ya fara gumi da amai da dalalar miyau, a ruga da shi asibiti. Gizo-gizon ɗakunanmu yawancinsu ba su da wata illa, shara da yaye yana sun ishe su.

Saboda haka ki riƙa kakkaɓe takalminki da kayan makaranta kafin ki sa. Kada ki zura hannu cikin tarin itace ko bulo ba ki duba ba. A nome ciyawar bayan gida, a toshe ramin ɓera, a kwana cikin gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Ki bi babban titi ko da ya fi nisa, ki riƙe tocila in fita ta kama da dare. Shi kuma mai zuwa zance, in da gaske yake, ya zo zauren gidanku da sallama inda haske yake. Wanda zai ja ki bayan kango cikin ciyawa bai san darajar ranki ba, balle ta soyayyarki.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ki karanta wa Umma da ƙannenki wannan shafi, ki kai wa ƙawarki ma. Allah Ya tsare mu da sharrin abin ƙasa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ina sauraron wasiƙunku kamar kullum.

Taku har kullum.