Wace Mota Ta Dace da Ɗaukar Karnuka?

'Yan'uwa manoma, wataƙila wani zai yi dariya in ya ga kan wannan magana, ya ce, "Kare ba ƙafa huɗu gare shi ba?" Haka ne. Amma ku dubi hanyoyinmu. Mafarauta suna ɗaukar karnukansu zuwa daji mai nisa. Fatake suna kai su kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke, Jihar Filato, daga can kuma a wuce da su Kudu. Mu ma da muke ajiye kare domin ya kori birai daga gonar masara, tilas wata rana mu kai shi wurin malamin dabbobi. Sau da yawa abin da ido yake gani ba shi da kyau: kare cikin buhu a bayan babur, ko cikin but ɗin tasi an rufe shi ruf.

Ga ra'ayina a taƙaice. Idan ƙungiyarku za ta sayi mota ko za ta yi haya, ku zaɓi a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya, ku sa mai walda ya yi mata keji da rumfa. Bari in kawo dalilai.

Na fari, zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum. Ta wurin haki yake sanyaya jikinsa, shi ya sa kuke ganinsa yana zaro harshe. Zafin jikin lafiyayyen kare digiri 38 ne zuwa 39. In ya wuce 41, ransa yana cikin haɗari. To, ku tuna yadda cikin bas yake zama in an rufe gilasai da rana tsaka a watan Maris ko Afrilu. But ya fi wannan muni, gama babu iska, ga kuma hayaƙin salansa yana iya shiga. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya kulle kare a rufaffiyar mota kada ya yi mamaki in ya sauke gawa.

Na biyu, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 suke mutuwa da shi kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu daga kare suka kamu. Cutar tana cikin yawu, cizo ne yake shigar da ita jiki. Da zarar alamunta sun bayyana ga mutum, sai dai a shirya jana'iza. Kare mai tsoro yakan yi cizo, ko da shi ne mafi ladabi a gida. Idan an cusa karnukan gidaje dabam-dabam wuri ɗaya, za su ciji juna, ɗaya kuwa ya isa ya shafa wa saura. Idan an sa su a ƙarƙashin kujerar fasinja, ƙafar yaro ce take kusa da bakinsu. A cikin a-kori-kura direba yana gaba, dabba tana baya, akwai shamaki tsakaninsu.

Na uku, wanki. Kare yakan yi amai da kashi a hanya, yana kuma ɗauke da kaska. Kujerar soso tana shan ƙazanta, amma bodin ƙarfe, bokiti biyu na ruwa da sabulu sun ishe shi.

Sai dai buɗaɗɗen baya kaɗai bai isa ba. Kada a ɗaure kare da igiya a wuya a bar shi tsaye, gama in ya yi tsalle zai rataye kansa. A yi keji na ragar waya mai ƙarfi, a raba shi ɗaki-ɗaki, kowane kare da nasa, inda zai iya tsayawa, ya juya, ya kwanta. A shimfiɗa katako ko ciyawa a ƙasa, domin ƙarfe mai zafi yana ƙona tafin ƙafarsa. A rufe sama da zana ko tamfol, a bar gefe a buɗe. A ɗaure kejin da bodi tam. A tashi da asuba, kada a ciyar da su dab da tafiya, a riƙa tsayawa a inuwa ana ba su ruwa.

Na san ma'aji zai ce, "Don kare za mu kashe kuɗin ƙungiya?" A'a. Kejin na cirewa ne. Yau karnuka, gobe awaki ko aladu, jibi a sauke shi, a wanke motar sarai, a loda taki. Dattawa ba su manta da Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya ba, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. An daina yin ta, amma abin da ya sa manoma suka so ta bai sake ba: kowane makaniki ya san ta. Haka za ku yi yanzu. Kafin ku biya kuɗi, ku tambayi makanikin garinku wadda yake iya gyarawa, wadda kayan gyaranta suke kusa, wadda kuma cikinta ba zai taɓa ƙasa ba a hanyar damina. In ƙarfinku bai kai ba, babur mai ƙafa uku na kaya zai yi wannan aiki a gajeriyar tafiya.

Abu na ƙarshe. Idan allurar rigakafi ce kawai dalilin tafiya, ya fi sauƙi a ɗauko malami ɗaya a kan babur da akwatin ƙanƙara, da a kwashi karnuka talatin zuwa gari. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura. Masana sun nuna in an yi wa karnuka bakwai cikin goma na gari, cutar takan daina yawo. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ku iya tsai da ita ta zama ranar allura a ƙauyenku. In kuwa kare ya ciji wani wajen lodi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti a ranar.

Ku kawo wannan magana a taronku na gaba. Rigakafi ya fi magani.