Zoben Ciki Ba Ya Tauna Wa Mutum Abinci

Akwai wata magana da ta ke zagawa a rumfunan kasuwa da zaurukan attajirai, musamman a bakin masu zuwa Masar da Indiya da Dubai neman magani ko sarin kaya. Wai akwai wani zobe da likita ya kan ɗaura wa mai ƙiba a cikinsa, daga nan sai teɓa ta zube, ciwon sukari ya lafa, gwiwa ta huta, mutum kuwa bai bar kome ba daga abin da ya saba. Farkon maganar akwai gaskiya a ciki. Ƙarshenta ne ba daidai ba, shi ne kuwa ya ke jawo wa mutane hasarar dukiya da ta lafiya.

Ga yadda abin ya ke. Zoben na wata irin roba ne mai laushi, cikinsa da kafa kamar salka. Likita ba ya tsaga ciki, sai ya huda ƙananan kafofi ya zura kayan aiki da madubi, ya naɗa zoben a wuyan tumbi, watau jakar da abinci ya ke sauka a ciki. Tumbin da ya kan ɗauki lita guda ko fiye sai ya rabu biyu, na saman ya zama ɗan aljihu wanda bai fi ƙwan kaza ba. Daga zoben an ja wani siririn bututu zuwa wani ɗan maɓalli da a ke binnewa ƙarƙashin fatar ciki. In ana so zobe ya matse, sai a soka allura cikin maɓallin a ƙara ruwan gishiri. In ya matse da yawa, a zuƙe kaɗan. Ba a yanke kome daga tumbi, ba a taɓa hanji, ana kuma iya cire zoben in an ga dama. Wannan sauƙi shi ya sa aka yi ta rububinsa.

Likitocin Suwidin da na Amurka ne suka ƙago zobe mai matsewa da sassautawa wajen 1985. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara sa shi ta hanyar huda ba tare da tsaga ba kuwa wani likita ne ɗan asalin Habasha, Mitiku Belachew, a ƙasar Beljiyam cikin 1993. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 2001. A 2011 fiye da sulusin ayyukan rage ƙiba da aka yi a Amurka na zobe ne, amma kafin 2019 ya faɗi zuwa kamar ɗaya cikin ɗari, aka koma ga yanke tumbi a mai da shi siriri. Ɗan kasuwa ya san ma'anar hajar da ta yi irin wannan faɗuwa a garin da aka fi sayenta. In an tallata masa ita da araha a wani gari, ya kamata ya tambayi dalili kafin ya kwance lalita.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Beljiyam ɗin nan da aka fara aikin, wasu likitoci sun bi sawun mutanen da aka sa wa zobe bayan shekara 12 ko fiye, suka buga abin da suka samu a 2011. Kusan rabinsu sai da aka cire musu shi, kusan ɗaya cikin uku kuwa zoben ya ci bangon tumbi ya kutsa ciki. Amma adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A birnin Malbon na Ostareliya, inda Likita Paul O'Brien da mutanensa suka riƙa ganin masu zobe a kai a kai, an ba da labarin mutum 3,227 a 2013, aka ga waɗanda suka kai shekara 15 sun zubar da kashi 47 cikin 100 na ƙibar da ta yi musu yawa, ba ta kuma dawo ba, ko da ya ke da yawansu an sake yi musu gyara. A can ne kuma cikin 2008 aka gwada masu ciwon sukari da bai daɗe ba su 60, aka sa wa rabi zobe, aka bar rabi da magani da horon abinci. Bayan shekara biyu ciwon ya lafa ga kashi 73 cikin 100 na masu zobe, ga sauran kuwa kashi 13. Ashe dai zoben yana aiki, amma a hannun wanda a ke kiwonsa, shi ma ya ke kiwon bakinsa.

Sai a yi lissafi irin na kanti. Mutum mai tsawon mita 1.7 in ya kai kilo 116, ya shiga sahun da likitoci su ke cewa ƙibarsa ta kai ta tiyata. Nauyin da ya dace da tsawonsa bai wuce kilo 72 ba, watau rarar kilo 44 ke nan. In ya dace kamar mutanen Malbon, zai zubar da wajen kilo 21, ya tsaya a 95. In kuwa aka bi babban binciken Suwidin da aka buga a 2007, wanda ya ga masu zobe sun rage kashi 14 cikin 100 na nauyinsu bayan shekara 10, to, zai tsaya wajen kilo 100. Wannan riba ce ta gaske ga zuciya da gwiwa da jini. Sai dai ba ita ce surar saurayin da ya ke hange sa'ad da ya ke biyan kuɗin jirgi ba, ba kuma wata guda a ke samunta ba. Sannu a hankali ta ke zuwa, cikin shekara biyu ko uku.

Wahalar duka tana wajen akushi. Makonnin farko bayan aiki ba a shan kome sai ruwa ruwa, sa'an nan a koma ga abin da aka dama ya yi laushi, sai wajen mako shida mutum ya fara taɓa abinci mai ƙarfi. Daga nan har iyakar zaman zoben a jikinsa, loma ba za ta fi kan babban yatsa ba, sai an tauna ta kamar sau ashirin ta zama kunu a baki, a haɗiye, a dakata kamar minti guda ta wuce zoben kāna a ɗauki wata. In aka yi minti ashirin ko talatin ana ci, sai a tsame hannu ko da saura. Ba a kora abinci da ruwa, sai a sha kafin ci ko bayan an jima.

To, wanda ya tashi da tuwo ya san ba haka a ke cinsa ba. Ana yanko loma, a mulmula, a dangwali miyar kuka ko ta kuɓewa, santsin miya ya kai ta ciki, haƙori bai san an yi ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana haka, ranar da ya mance ya aika da loma irin ta dā, sai ta tokare a bakin zobe. Ƙirji ya ɗaure, yawu ya yi ta tsinkewa, babu zama babu tsayuwa sai ta dawo ta inda ta shiga. Burodi mai laushi ya kan dunƙule ya toshe. Kilishi da tsire da ya bushe da nama mai jijiya duk abokan gaba ne in ba a yi musu tauna ta haƙuri ba, haka shinkafar da aka yi wa ci da zuci. Yawan aman nan kuwa ba abin rainawa ba ne, gama shi ya kan sa tumbi ya zamo ta cikin zoben, aljihun sama ya buɗe, har a kai ga fiɗa ta gaggawa.

Wani abin mamaki ga almajiri shi ne, takardar da likitan Turai ya ke miƙa wa mai zobe kusan duk abin da ke cikinta yana cikin babin ci da sha na Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu tun shekara ta 386 ta Hijira. A can an yi horo da a raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, kada a ɗauki loma sai ta farko ta wuce, a kyautata tauna kafin haɗiya, a kurɓi ruwa a hankali kada a kwankwaɗa. An biya wannan babi a zaure ba adadi, an fassara, an tashi an wanke hannu an auka wa tuwo kamar ba a ji ba. Ba a ce ladabin ci kaɗai zai warkar da mai kilo 140 ba, domin ƙiba in ta kai wani matsayi jiki da kansa ya kan yi gardama, ya ƙara yunwa, ya rage ƙona abin da aka ci. Abin da a ke cewa shi ne, zobe ba ya ɗauke wa kowa wannan ladabi. Tilasta shi ya ke yi, da azaba ga wanda ya ƙi.

Akwai kuma wata ƙofa da zoben ba ya iya tsarewa, ita ce ta abin sha. Duk abin da ya ke ruwa ne wucewa ya ke yi salin alin. Mutum ya ga nama yana ba shi wuya, tuwo yana tokare shi, sai ya koma ga fura da nono da aka zuba wa sukari, da kunun gyaɗa, da shayi mai kaurin madara, da lemon kwalba. Cikinsa bai yi ciwo ba, bai yi amai ba, yana murna ya sami dabara. Bayan wata shida a hau sikeli a ga ba abin da ya ragu, sai ya ce likita ya cuce shi. Alhali kuwa ludayi ne ya mai da abin da loma ta rage. Likitoci sun san wannan hali sarai, sun kuma ce sau da yawa alama ce ta zobe ya matse fiye da kima, gyaransa a sassauta domin mutum ya iya cin ƙwai da kifi da wake da ganye, abincin da ke riƙe ciki.

Sa'an nan mutum ba shi kaɗai ya ke ci ba. A ƙasar Hausa maigida ya kan ci da baƙinsa da yaransa akushi guda, mai nawa kuwa ya kan tashi da yunwa. Ga walima, ga suna, ga ɗaurin aure, ga mai masauki da ba ya jin daɗi sai ya ga bayan ƙwarya. Ga uwargida da ta yini a madafa, aka mai do mata da kwano kamar ba a taɓa ba, ta ɗauka an yi fushi ne, ko kuwa an ƙoshi a ɗakin abokiyar zama. Wanda ya ɓoye wa iyalinsa aikin da aka yi masa don kunya, ya sayi rigima biyu. Gara ya tara su ya gaya musu, a ware masa ɗan ƙaramin kwano, a dafa nama ya yi luguf, masu zama da shi kuma su bar cewa ya ƙara, su bar tambayarsa ko ciwo ya ke yi da ya rame. Har yanzu akwai masu auna arzikin mutum da faɗin cikinsa, su ne kuwa ba su zuwa dubiya ranar da sukari ya ci ƙafa.

Malamai za a zo musu da tambaya, ya kamata su san surar abin kafin su amsa. Wannan magani ne na cuta, ba ado ba ne, ba a kuma yin sa sai ga wanda ƙiba ta kai shi ga haɗari. Mai cewa ai rashin haƙuri ne kawai, ya yi azumi mana, bai yi wa mara lafiya adalci ba. Game da watan Ramadan, likitoci su kan hana azumi a watannin farko bayan aiki, domin mai zobe ba ya iya shan ruwa da yawa a tashi ɗaya, ga zafin ƙasar nan, rangwamen da aka yi wa majinyaci kuwa sananne ne. Bayan ya warware, haɗarin yana wajen buɗa baki, lokacin da yunwa ta ke sa hannu sauri. Ruwan da a ke ƙarawa ta allura kuma ba ya shiga tumbi, cikin zoben ya ke tsayawa. Wannan ya isa mai fatawa ya gina hukuncinsa a kai.

Abin da ya fi kome nauyi ga fatake shi ne nisa. Zobe ba a ɗaura shi a sallami mutum. A shekarar farko ana bukatar komawa wurin likita sau da yawa, a ƙara ruwa ko a rage har a dace, bayan haka kuma a riƙa leƙawa muddin yana jiki. Wanda aka yi wa aiki a Alƙahira ko Delhi ya dawo Kano ko Maraɗi bai san wanda zai soka masa allurar nan ba, ya yi cinikin biri a sama. Ranar da ruwa ma ya ƙi wucewa, ko ƙwannafi da tari suka hana shi barci, ko wurin maɓallin ya yi ja ya kumbura, ba ranar neman biza ba ce. A cikin sa'o'i a ke so a zuƙe ruwan zoben.

Saboda haka kafin a biya ko sisi, sai a sami likita a gida wanda ya yarda da bakinsa zai riƙa duba zoben, yana kuma da irin allurar da a ke soka wa maɓallin, gama allurar yau da kullum tana ɓata shi. A tambayi mai yin aikin mutum nawa ya sa wa, nawa ya cire wa, kuɗin cirewa kuma a wuyan wa ya ke. A tambaye shi dalilin da ya zaɓi zobe ya bar yankan tumbi, ya kuma bar alluran rage yunwa na mako mako irin Wegovy da Amurka ta yarda da shi a 2021, ko da ya ke su ma in an daina ƙiba ta kan dawo. In ya amsa duka ba tare da ɓata rai ba, sai a karɓi takardar aikin da sunan zoben da yawan ruwan da aka zuba, a adana su tare da fasfo.